Yadda Ake Tantance Tsohon Kuɗin da Bugunsa Bai Zauna Ba, a Ba Shi Daraja, a Yanka Masa Farashi

Bayan rasuwar mijin goggona, ta kira ni gidanta a Shari' Mansur da ke Makka, ta ɗauko wani tsohon gwangwanin shayi daga ƙarƙashin gado. Tsabar kuɗi ne a ciki, na jan ƙarfe da na azurfa, waɗanda marigayin ya gada daga mahaifinsa. Ta riga ta aika jikanta da su wani shago, mai shagon ya jujjuya su ya ce duk «mamsuh» ne, wato sun goge, sai dai ya saya a kan nauyi. Na zaro wani rabin kirshi na shekarar 1343 bayan Hijira, na kai shi bakin taga. Rabin rubutun tsakiya babu shi, amma a tsakanin haruffan da suka fito akwai sauran ja-ja irin na sabon jan ƙarfe.

Na ce, «Goggo, wannan kada ki sayar tukuna.»

Ta ce, «To ɗan nan, ai ka ga rubutun ma ya tafi.»

Na ce mata rubutun bai tafi ba, tun farko ne bai zo ba.

Kuɗi biyu za su iya rasa zane a wuri ɗaya: ɗaya ya sha hannu har zanen ya cinye, ɗaya kuma tun ranar da aka buga shi hatimin bai danna shi sosai ba. Na farko darajarsa ta sauka. Na biyu yana iya zama sabo fil, bai taɓa shiga aljihu ba. Wanda bai iya raba su ba zai yi asara in yana sayarwa, kuma za a yi masa wayo in yana saye, domin akwai masu cewa «raunin bugu ne» a kan kuɗin da ya gama yawo duniya. Ga yadda nake yin aikin.

Kayan aiki

Fitilar tebur mai ƙwai ɗaya. Wannan ita ce gaba da komai. Dogon ƙwan silin yana watsa haske ta ko'ina, yana ɓoye ƙarce da gogewa. In ba ka da fitila, kashe wutar ɗaki ka jingina tocilan waya a gefe, amma ka sani farin haskensa yana ƙara wa ƙarce muni.

Madubin ƙara girma, wanda ake kira adasa a kasuwa, mai ninki 5 zuwa 10. Kada ka nemi wanda ya fi haka, zai sa ka ga aibu a kowane kuɗi. Kyamarar waya za ta iya tsayawa a madadinsa in hannunka ba ya rawa.

Sikelin da ke nuna ɗigo biyu bayan giram, wato 0.01. In babu, masu shagon zinariya a Balad ta Jidda ko a kowace kasuwa za su ɗora maka a nasu in ka roƙa da ladabi.

Ma'aunin faɗi da kauri. Rula ma za ta yi na wucin gadi.

Ƙaramin maganaɗisu mai ƙarfi, da tawul mai laushi da za ka shimfiɗa a tebur, da ƴan jakunkunan roba masu garau, da littafi da biro.

Sai abin kwatance: ko dai wani kuɗi irinsa mai cikakken bugu, ko hotunansa masu kyau. Kundin Krause, wanda daga gare shi lambobin KM da ake ba kowane irin kuɗi suka fito, da shafin Numista, sun isa mai farawa.

Wanke hannu ka busar, ka riƙe kuɗi ta gefensa kawai, kuma kullum a saman tawul.

Ɗan abin da ya kamata ka sani game da bugu

Ana sa fallen ƙarfe mai santsi tsakanin hatimi biyu, a danna da ƙarfi, ƙarfen ya malala ya cika ramukan zanen. Wurin da ya fi zurfi a jikin hatimi shi ne wurin da ya fi tudu a jikin kuɗi, kuma shi ne na ƙarshe da ƙarfen yake isa. In ƙarfin dannawa ya gaza, ko fallen ya yi siriri, ko ya yi tauri, wuraren nan ba za su cika ba. Matsalar ita ce wuraren tudun nan su ne kuma na farko da hannu yake ci. Shi ya sa ake rikicewa.

Malalar ƙarfen tana barin wasu siraran layuka da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, su ne suke ba sabon kuɗi sheƙin nan da ke zagayawa kamar hannun agogo in ka karkata shi. Shan hannu yana kashe wannan sheƙi. Raunin bugu ba ya kashe shi. A kan wannan aka gina duk sauran aikin.

Mataki na 1: San abin da ke hannunka

Karanta sunan mai mulki, da wurin bugu, da shekara. A kuɗin Sharif Husaini na Hijaz za ka ga 1334, shekarar da ya hau mulki, wadda ta yi daidai da 1916, sannan a wani wuri ka ga ƙaramar lamba kamar 5 ko 8. Wannan ƙaramar ita ce shekarar sarauta, ita ce ke nuna lokacin bugu. Haka kuɗin Daular Usmaniyya ta Turkiyya suke. Riyal ɗin azurfa na Sarki Abdul'aziz mai 1354 an yi ta buga shi shekaru da yawa da wannan shekara, kuma ko da yake an rubuta masa an buga a Makka, da yawansa a gidajen buga kuɗi na ƙasashen waje aka yi, har da Filadelfiya ta Amurka. Liyari kuma, wanda a nan Saudiyya ake kira riyal faransi, duk 1780 ne a jikinsa ko da an buga shi shekara 150 bayan haka.

Kuskuren da na fi gani a nan: mutum ya ga 1780 ya ɗauka ya tsinci dami a kala.

Mataki na 2: Tabbatar ba na jabu ba ne

Kada ka tsallake wannan, domin kuɗin jabu da aka zuba a narke kamanninsa ɗaya da mai raunin bugu: haruffa sun yi laɓo-laɓo, zane bai fito tsaf ba.

Ɗora a sikeli. Riyal na 1354, 1367, 1370 da na Sarki Sa'ud na 1374 nauyinsu giram 11.66 ne, faɗi kusan milimita 30.5. Babban riyal na 1346 da 1348 giram 24.1 ne. Liyari giram 28.07. Kuɗin zinariya da ake kira gini, na 1370 da 1377, ɗan ƙasa kaɗan da giram 8. Raunin bugu ba ya rage nauyi ko kaɗan, tunda ƙarfen bai je ko'ina ba. Shan hannu yana ragewa, amma kaɗan ne. In riyal ya yi ƙasa da giram 11 alhali zanensa bai cinye ƙarƙaf ba, ajiye shi gefe.

Kusanto da maganaɗisu. Azurfa da zinariya da jan ƙarfe ba sa kamawa. Sannan duba gefe da adasa: na zuba yakan bar layin haɗi a kewaye, ko alamar an goge layin da zarto. A fili kuma za ka ga ƴan ramuka da ƙuraje kamar fatar lemo.

Gargaɗi: kuɗin jan ƙarfe da aka buga a Makka nauyinsu yana ɗan bambanta daga wannan zuwa wancan, kada ka yanke masu hukunci da sikeli kaɗai.

Mataki na 3: Koyi yadda irinsa ya saba fitowa

Kafin ka ce bugu ya yi rauni, sai ka san rauni in an kwatanta da me. Nemi hotuna goma ko fiye na wannan kuɗin, wannan shekarar, ka jera.

Kwata da rabin kirshi na 1343, waɗanda aka buga a Ummul Ƙura, wato Makka, bayan shigar Sarki Abdul'aziz garin, an yi su da kayan aiki marasa ƙarfi, wasu ma a kan tsofaffin kuɗin Hijaz aka sake bugawa. Za ka ga sauran tsohon rubutu yana leƙowa ta ƙarƙashin sabo. A irin waɗannan, rauni shi ne al'ada, mai cikakken bugu ne baƙo. Haka kuɗin Umdurman na zamanin Halifa Abdullahi, daga 1885 zuwa 1898, waɗanda mahajjatan da suka biyo ta Sudan suka shigo da su: azurfarsu ta yi ta raguwa shekara bayan shekara har suka koma kusan jan ƙarfe zalla, bugunsu kuma sai a hankali. Kirshin Sarkin Darfur Ali Dinar da aka buga a Fashir ya fi su duka rashin fitowa. Wanda ya samu mai karantuwa gaba da baya ya samu abu.

Riyal na 1354 kuwa injina masu ƙarfi ne suka buga shi. Yawancinsa takubba biyu da bishiyoyin dabino sun fito raɗau. In wani ya miƙo maka mai ganyen dabino a shafe ya ce haka ake buga su, ka ƙara buɗe ido.

Mataki na 4: Kai shi ƙarƙashin fitila

A nan aikin yake, kuma a nan nake so ka ba shi lokaci.

Kashe sauran fitilu. Riƙe kuɗin ta gefe, kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙwan. Kada ka ɗauki adasa tukuna. Karkata shi a hankali, kana juya shi kamar mai tankaɗe a faifai. In akwai sheƙin asali, za ka ga haske kamar tsinke biyu yana zagaya fuskar kuɗin. Bi wannan hasken da ido har ya iso wurin da zane ya ɓace, ka ga abin da zai faru.

In hasken ya haye wurin ya wuce, ko ya ɗan dusashe amma launin wurin bai sauya ba, raunin bugu ne. In hasken ya zo ya yanke, wurin ya yi toka-toka ko duhu, launinsa ya bambanta da na kewayensa, hannu ne ya ci shi.

Yanzu ɗauki adasa ka duba fatar wurin. Wurin da hatimi bai taɓa ba yana riƙe da fatar fallen ƙarfe ta asali: ɗan kaushi-kaushi, wani lokaci da ƴan tabo da layuka da suka tsaya cak a iyakar wurin, ba su shiga inda aka buga ba. Iyakarsa kuma a kwance take, zanen yana narkewa ne a hankali kamar rubutun allo da tawada ta ƙare. Wurin da ya sha hannu santsi ne da shi, a baje kamar an yanke kan tudu da wuƙa, yana da iyaka bayyananna, kuma za ka ga siraran ƙarce a kansa suna bin kowace fuska.

Sai ka duba fili, wato sararin da babu zane. Wannan shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Kuɗin da ya yi yawo har tudunsa ya baje, ba yadda za a yi filinsa ya zauna lafiya. Zai dusashe, sheƙi ya rage sai a lungun haruffa da kusa da baki, inda yatsa ba ya kaiwa. In tsakiyar kuɗi a shafe take amma fili yana walƙiya daga baki zuwa baki, wannan bai shiga kasuwa ba.

A kuɗin jan ƙarfe sheƙi yakan koma ruwan ƙasa da tsufa, amma yana nan, kamar ƙyallin siliki a ƙarƙashin launin. Rabin kirshin goggona haka yake. Da na karkata shi, ƙyallin ya ratsa har kan wurin da sunan sarki bai fito ba, ga kuma kaushin falle a wurin. Bakinsa da kaifi, ba a daddoke shi ba.

Kuskure babba a wannan mataki shi ne fara ƙirga abin da ya ɓace: harafi kaza babu, ganye kaza babu. Ƙirgar zane tana gaya maka yadda bugun yake ne. Fatar ƙarfe ce ke gaya maka ko ya sha hannu.

Abu biyu kuma suna iya haɗuwa a kuɗi ɗaya. Akwai mai raunin bugu da ya ɗan yi yawo. Za ka gane shi da ɗan duhun gogewa a tsakiyar wurin da bai cika ba, kaushin falle kuma ya rage a gefe-gefe.

Mataki na 5: Juya baya ka gano sanadin raunin

Sa kuɗin a jakar roba mai garau, ka ɗiga biro a kan robar daidai wurin da ya yi rauni, ka juya. Abin da ke bayan ɗigon nan shi kake nema.

In bayan ma ya yi rauni a daidai wurin, ƙarfe ne bai isa ba: ko dannawa ta gaza, ko fallen ya yi siriri a nan, ko zane mai tudu ya fuskanci wani mai tudu suna rabon ƙarfe ɗaya. In gefe ɗaya na kuɗin ya fito da kyau, ɗaya gefen kuma ya shafe gaba da baya, hatimin ne ya karkace. In harafi ɗaya ko lamba ɗaya ce ta ɓace a fuska ɗaya, bayanta kuma lafiya lau, maiƙo da datti ne suka toshe ramin hatimi. In kuwa duk fuskar ta yi dishi-dishi, haruffan baki suna jan jiki zuwa waje, ga layuka masu tudu kamar jijiya, hatimin ne ya tsufa ya tsattsage.

Shan hannu ba ya zaɓen gefe. Yana cin duk wuraren tudu daidai wa daida, gaba da baya, har da baki. In ka ga harafin da ke ƙasa-ƙasa ya ɓace alhali wanda ya fi shi tudu yana nan da kaifinsa, ba aikin hannu ba ne.

Mataki na 6: In sheƙi ya riga ya tafi

Yawancin abin da za ka tarar a gwangwanayen gidajenmu ya sha hannu sosai, babu sheƙin da za ka bi. A nan ka nemi wurin da bugu ya fi zama a jikin kuɗin, ka auna gogewa daga can. Wurin da bai fito ba tun asali, ka cire shi daga lissafi. Duba kuma baki da haƙoran gefe: in sun yi mulmul, kuɗin ya yi tafiya mai nisa.

Dirhami da dinari na zamanin Umayyawa da Abbasiyawa da guduma aka buga su, saboda haka wuri a shafe ba abin mamaki ba ne. Dinarin rubutu zalla ya fara ne a 77 bayan Hijira a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, nauyinsa kusan giram 4.25, dirhami kuma kusan 2.9. A irin waɗannan, tambayar farko ita ce: sunan garin bugu da shekara suna karantuwa a rubutun kewaye? In raunin ya faɗa kansu, kuɗin ya rasa mafi yawan abin da ake nema a gare shi.

Mataki na 7: Nemi ɓarnar da mutum ya yi

Kuɗin da aka wanke yana da siraran layuka masu bin hanya ɗaya, da wani farin ƙyalli mara motsi. Wanda aka goge da man goge ƙarfe yana sheƙi kamar cokali, hasken ba ya zagayawa. Akwai kuma masu ɗaukar tsinken ƙarfe su sake sassaƙa harafin da bai fito ba. Da adasa za ka ga harafin ya fi maƙwabtansa kaifi, ga rami a gindinsa.

Duba saman gefe da kyau. Riyal da liyari da yawa iyayenmu mata sun yi ado da su, an liƙa masu kunne an rataya a sarƙa, daga baya aka cire. Tabon dalma ko wurin da haƙoran gefe suka ɓace yana nuna haka.

Kai kuma kada ka wanke. Ba da lemon tsami ba, ba da toka ba, ba da man goge baki ba. Na ga wani ƙanena ya kwana yana dirzar riyal ashirin don su yi kyau kafin ya kai kasuwa, ya mayar da su farashin azurfa da hannunsa. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin uku daga ciki sababbi ne.

Mataki na 8: Ba shi daraja

Ma'aunin da kasuwa ke bi daga 1 zuwa 70 ne. Wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949, kamfanonin tantancewa irin PCGS da aka kafa a 1986 da NGC na 1987 suka yaɗa shi. A taƙaice: G da VG sun cinye sosai, F daga 12, VF daga 20, XF daga 40, AU daga 50 zuwa 58 ga wanda ya ɗan taɓa hannu kaɗan, MS daga 60 zuwa 70 ga wanda bai taɓa ba. Wannan na ƙarshe shi ƴan kasuwa a nan suke kira «ansar».

Fara da tambaya ɗaya: akwai gogewa ko babu? In babu, kuɗin MS ne ko da rabin zanensa bai fito ba. Daga nan raunin bugu yake fara aiki, yana sa wa kuɗin rufi. A bayanin PCGS, 60 zuwa 62 suna karɓar bugu mai rauni, 63 matsakaici ko mai ɗan rauni, 64 matsakaici ko fiye, 65 kuwa sai bugun ya wuce matsakaici. Saboda haka kuɗi mai tsabtar fili da cikakken sheƙi amma tsakiyarsa a shafe, ni ba na kai shi sama da 63.

In akwai gogewa, bi abin da ka gani a mataki na 6.

A littafinka rubuta abu biyu daban: daraja a layi ɗaya, bugu a layi na biyu. Misali: «AU, bugu mai rauni a sunan sarki, shekara ta fito.» In ka rasa tsayawa tsakanin daraja biyu, ɗauki ta ƙasa. Ajiye kuɗin ka sake duba shi gobe da safe ba tare da ka kalli abin da ka rubuta ba. In sau biyu sun zo ɗaya, ka samu.

Mataki na 9: Yanka farashi

Fara da ƙasa, wato kuɗin ƙarfensa. Riyal mai giram 11.66 azurfarsa kashi 91.7 cikin ɗari ce, wato giram 10.69 na zalla. Liyari yana da kusan giram 23.4, babban riyal kusan giram 20, gini kuma giram 7.32 na zinariya. Ninka da farashin giram na ranar. A ce giram ɗin azurfa riyal 5 ne, ƙaramin riyal bai kamata ya fita hannunka a ƙasa da riyal 53 ba, sai ɗan abin da mai saye zai rage na ribarsa.

Sannan nemi farashin da aka sayar da irinsa, ba wanda ake nema ba. A shafin Haraj da zaurukan gwanjo na waya mutum yana iya rubuta duk lambar da ya ga dama. Abin dogaro shi ne sakamakon gwanjon da aka kammala, kamar na Heritage ko na Stephen Album wanda ya ƙware a kuɗaɗen ƙasashen Musulmi. Duba hoton, kada ka tsaya a lambar daraja. Nemi uku ko huɗu masu bugu irin na naka. Dala ɗaya riyal 3.75 ce. Ka tuna kuma farashin da ake nunawa yakan haɗa da ladan gidan gwanjo, kusan kashi 20, wanda ba ya shiga aljihun mai kaya.

Ga yadda ni nake gyara lissafi. In rauni al'adar wannan kuɗin ne, kamar na 1343 ko na Umdurman, ba na rage komai, domin farashin kasuwa ya riga ya ƙunshi raunin. Mai cikakken bugu ne ake ƙara wa kuɗi, wani lokaci ƙari mai tsoka. In irin kuɗin ya saba fitowa da kyau, naka kuma ya ɗan gaza a wurin da ido ba ya fara sauka, nakan ba shi farashin darajar da ke ƙasa da tasa da taki ɗaya. In raunin ya ci shekara, ko sunan sarki, ko takubba, nakan sauka taki biyu ko fiye, kuma na san zai daɗe bai samu mai saye ba.

Wannan ita ce gaskiyar da ke da ɗaci: ko ka tabbatar kuɗinka MS ne, mai saye da idonsa yake saye. In aka ajiye masa AU mai kaifin zane kusa da MS mai shafaffiyar tsakiya, sau da yawa na farkon zai ɗauka. Sanin bambancin yana hana a saye maka sabon kuɗi a farashin cinyayye, amma ba ya mayar da shi daidai da mai cikakken bugu.

Akwai wanda rauninsa ya kai matuƙa, zane ya fito kamar inuwa gaba da baya, haƙoran gefe ma ba su fito ba, nauyi kuma cif. Masu tara kuɗin da aka yi kuskuren bugu suna neman irinsa, amma ba za su yarda ba sai da shaidar kamfani.

In za ka kai kasuwa, ko Suƙ Zal a Riyad ko shagunan Balad, zaga wuri uku kafin ka sallama. Kada ka kai gwangwani ɗungurungum. Ware na nauyi daban, masu daraja daban, kowanne a jakarsa da takardarsa. In mai shago ya ce «mamsuh», roƙe shi ya karkata kuɗin a ƙarƙashin fitilarsa ku duba tare. Wanda ya san aikin zai gane nan take cewa kai ma ka sani, ciniki ya sauya.

Mataki na 10: Aikawa kamfani, ajiya, da doka

Tura kuɗi a tantance shi a rufe cikin roba yana cin kuɗi da watanni, ana kuma iya bi ta hannun dillalan da kamfanonin suka amince da su. Yana da amfani ne kawai in tazarar farashi tsakanin AU da MS ta ninka kuɗin aikawa. Ga riyal gama-gari bai cancanta ba. In an taɓa wanke kuɗin ko an cire masa kunne, zai dawo ba lamba, sai bayanin aibinsa a kan takarda.

Kada ka bar kuɗi ya daɗe a jakar roba mai laushi, tana fitar da wani koren danƙo da ke cin ƙarfe, damshin Jidda kuma yana hanzarta shi. Sayi marufin kwali mai taga ko ƙoƙon roba mai tauri, ka jefa ƴar jakar tsotse damshi a akwatin.

Dokar kayan tarihi ta Saudiyya tana ɗaukar abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, kuma Hukumar Turas da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu ce ke kula da cinikinsu da fitar da su. Kuɗin Sharif Husaini da na 1343 duk sun haye wannan shekarun. Kafin ka sa irinsu a jakar wani mai komawa Kano ko Yamai, ko ka aika su waje don tantancewa, je ka tambayi hukumar abin da ake buƙata.